Yadda ake shirya fim a kan rayuwar tsohuwa

Matar da ta cika shekara 90 a bana an haife ta ne a tsakiyar shekarun 1930, Bature na mulki, ana karɓar haraji da jangali. Tana ɗakin miji Sarauniyar Ingila ta zo kallon hawan daba a Kaduna a 1956. Da fam da sule da sisi ta yi cinikin ƙuli-ƙulinta har naira ta shigo a 1973, shekarar da fari ya cinye dabbobi. In 'yar Arewacin Najeriya ce, ba ta kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979, lokacin ta riga ta aurar da 'ya'ya. Duk wannan yana cikin kanta, amma da wuya a samu wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma ya tambaye ta. Masu neman tarihi wurin sarakuna da malamai da 'yan siyasa suke zuwa, ita kuwa a wuce ta a ƙofar ɗaki da "Iya, ina wuni?"

An taɓa gwada zama da irinta. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a Giwa ta ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau mai son sanin zaman matan karkara kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya buɗe shi. Sai dai takarda ba ta riƙe murya, ba ta nuna dariya. Wayar da ke hannunki tana yin duka biyun.

Da ke nake magana, 'yar'uwa, domin a yawancin gidajenmu mace ce ke wuce zaure. Namiji ma zai ƙaru, muddin ya san inda ƙafarsa za ta tsaya.

Mataki na 1: Zaɓi tsohuwa ɗaya

Ɗaya, ba biyar ba. Fim na farko da ya tara tsofaffi da yawa yakan ƙare ba a san ko ɗayarsu ba. Kuma kada yawan shekaru ya ruɗe ki. Wadda ta fi kowa tsufa a gari ba lallai ita ce mai labari ba. Ki nemi wadda mata ke taruwa a ɗakinta, wadda in ta buɗe baki ake ajiye tsintsiya. Ungozoma, mai wankan gawa, mai daddawa, tsohuwar dillaliya, zabiyar amada da ta ajiye ƙwarya, ko wadda aka tafi da ita Makka ta ƙasa tana yarinya, ta ratsa Chadi da Sudan. Mai kitson unguwa da ungozoma sun san su duka, su za ki fara tambaya.

In kin same ta, ki rubuta wa kanki jimla ɗaya: wannan fim a kan me yake? "Rayuwar Gwaggo" ba amsa ba ce. "Matar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen nan, yanzu asibiti ya karɓe mata aiki" amsa ce. Jimlar za ta iya sauyawa daga baya, amma in babu ita za ki dawo da awa goma na hira ki rasa ta inda za ki kama.

Akwai fim ɗin da ba na so ki yi: na tausayi, a nuno tsohuwa cikin tsumma, a sa kiɗan kuka, a rubuta lambar asusu a ƙasa. Mai neman taimako wa mabuƙaciya ya nema a fili, wannan aikin alheri ne daban. Naki aikin shi ne nuna mutum mai sana'a da ra'ayi da barkwanci, wani lokacin ma da faɗa.

Mataki na 2: Izini

Nan ake yawan yin kuskure, shi ya sa zan ja shi. Izini hawa-hawa ne. Akwai na maigida ko babban ɗanta, wanda in babu shi ba ki shiga gidan da kyamara. Akwai na mai unguwa ko dagaci, in za ki ɗauki hoto a titi ko kasuwa ko bakin rijiya. Sannan akwai nata. Na farko da na biyu ba sa maye gurbin na uku. Sau da yawa ɗa zai ce "ai ba komai, ku shiga," uwar kuma ta yi shiru don kada ta kunyata ɗanta gaban baƙi. Wannan shirun ba yarda ba ne. Ki koma wata rana ke kaɗai, ki tambaye ta babu mai tsaye a kanta.

Ki yi mata bayani da abin da ta sani. Kada ki ce "za mu sa a intanet" ki tsaya nan. Ki ce: "Iya, wannan hoton zai shiga wayoyin mutane. Maza za su gani, surukanki za su gani, mutanen garin da kika fito za su gani, kuma in ya fita ba ya dawowa." Ki nuna mata bidiyon wata tsohuwa a wayarki don ta ga irin abin. In ta yarda, ki ɗauki yardar da kyamara: ki maimaita bayanin, ta amsa da bakinta. Wannan ya fi dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa, ko da yake takardar ma a yi ta, wani babba na gidan ya sa hannu a matsayin shaida. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma gidajen talabijin da masu bukukuwan fina-finai sukan nemi shaidar izini kafin su karɓi aiki.

Ki gaya mata tana da ikon cewa "kashe" ko "cire wannan" a kowane lokaci, kuma ranar da ta faɗa ki cika alkawari.

Mata biyu za ki ƙyale. Mai takaba, sai ta fita daga wata huɗu da kwana gomanta ta huta. Da wadda gigin tsufa ya kama har ba ta gane abin da ake nema a wurinta, wadda yau ta yarda gobe ta tambaye ki ko ke wace ce. In gigin kaɗan ne, mai zuwa yana tafiya, ki yi aiki da safe lokacin da hankali ya fi zama, ki riƙa sabunta izinin a kowane zuwa.

Sai maganar kuɗi. Duk inda aka ga baƙi da kyamara za a ɗauka gwamnati ce ko ƙungiyar agaji ta zo rubuta sunaye. Ki kashe wannan zato tun ranar farko, a gaban mutanen gidan: babu tallafi, babu kujerar Makka. Ki je da abin da ake kai wa tsohuwa, goro, sabulu, turare, sukari, turmin zani in da hali. In zaman ya hana ta cinikin ranar, ki biya ta abin da ta rasa. Amma kada ki yanka farashi a kan labari, domin wanda aka saya labarinsa zai ba ki abin da yake zaton kina so ne.

Mataki na 3: Ziyara ba kyamara

Aƙalla sau biyu ki je ba kayan ɗauka, sai littafi da biro. Ki ci abin da aka ba ki. Ki lura da lokacin da take tashi, inda take zama da hantsi, sa'ar da ake daka, sa'ar da injin niƙan maƙwabta ke tashi, sa'ar da yara ke dawowa daga makarantar allo. Ki ga ta wace ƙofa haske ke shiga ɗakinta. Ki gane wane kunne ne ya fi ji. Waɗannan su za su tsara miki ranakun ɗauka, ba son ranki ba.

A nan ne kuma za ki gano wanda take sakewa da shi. Galibi jika ne, saboda wasan da ke tsakaninsu: jika mace kishiya ce, namiji kuwa miji. Abin da tsohuwa ba za ta faɗa gaban ɗanta ba, za ta faɗa wa jikarta tana zaginta tana dariya. Irin wannan jikar ki jawo ta cikin aikin. Ku kada ku wuce uku: mai tambaya, mai kyamara, mai sauraron sauti. In mai kyamarar namiji ne kuma gidan na kulle ne, ko dai ya koya wa mace ya jira a zaure, ko a fito da zaman soro in tsohuwar ta ga dama.

Mataki na 4: Kayan aiki

Waya mai kyamara mai kyau ta isa. In kuɗinki kaɗan ne, ki zuba su a sauti, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji, ga muryar tsohuwa dama ƙasa-ƙasa take, wani lokacin babu haƙora. Ki sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Samfurin Boya mai igiya yana da araha kuma yana aiki, samfurin Rode marar igiya ya fi tsada. In da hali ki ƙara da rikoda irin Zoom H1n ta zama ta biyu. Sai abin sa wa a kunne don jin abin da ke shiga, ƙafar kyamara wadda ke iya sauka ƙasa sosai, fawa-bank biyu, farin kwali babba, da tsumma mai laushi na goge gilashin kyamara, musamman da hunturu.

Ki saita ingancin bidiyon wayar a 1080, hoto 25 a daƙiƙa. Dalilin 25 shi ne wutar lantarkinmu, a Najeriya da Nijar duka, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, in kika ɗauka da 30 ƙwan fitila zai iya riƙa ƙyaftawa a hoton. In wayar ba ta ba ki wannan zaɓi ba, manhajar Blackmagic Camera ko Open Camera kyauta ne. Ki rabu da 4K, saitin da ya fi 1080 girma, a hira mai tsawo: yana cinye wuri, kuma a zafin watan Afrilu wayar za ta yi zafi ta tsaya a tsakiyar magana. Awa ɗaya a 1080 tana iya cin gigabait 4 zuwa 8, ki lissafa kafin ki bar gida. Ki kuma rufe layin wayar gaba ɗaya, kada kira ya shigo ya yanke ɗauka.

Mataki na 5: Shirya wurin zama

Inda ta saba zama nan za a yi, a kan tabarmarta ko bakin gadonta. Kada ki ɗora ta a kujerar roba a tsakar gida don hoto ya yi kyau. Ki sauke kyamara daidai idonta. In kika ɗauke ta daga tsaye za ta fito ƙanƙanuwa kamar mai roƙo. Ke ma ki zauna ƙasa, dab da kyamarar, ta ɓangaren kunnenta mai ji.

Hasken ƙofa ko taga ya sauka a gefen fuskarta, kada ya zama a bayanta. Ɗaya gefen in ya yi duhu, a riƙe farin kwalin ya maido da haske. A waje kuwa, inuwar rumfa ko bishiya, da hantsi ko bayan la'asar. Kada ki haska mata fitila a ido, yawancinsu suna da yanar ido, za ta yi ta runtsewa tana hawaye. Abu ɗaya da ke ɓata hotunan mutanenmu: farin hijabi yana ruɗin kyamara, sai ta rage haske fuska ta yi baƙi ƙirin. Ki danna fuskarta a allon wayar ki riƙe har saitin ya kulle a kanta.

Makirfo ya zauna kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓarta, a wajen mayafi, ba a ƙarƙashi ba, don kada yadi ya yi ta gogarsa. Mace ce za ta maƙala mata. A kashe fanka da rediyo, a roƙi mai janareta, a kora kaji. Ki saurara ko carbi ko awarwaro na kaɗawa kusa da makirfon. Ma'aunin ƙarfin sauti da ke allon na'urar ya riƙa kaiwa wajen lambar -12, kada ya taɓa ja. Da damina, in ruwa ya sauko a kan kwano, ki haƙura da hira ki ɗauki ruwan. Kafin ku tashi kowa ya yi shiru na minti ɗaya ki naɗi sautin ɗakin, za ki buƙace shi wurin haɗawa don toshe gurbin da kika yanke.

Mataki na 6: Hirar

Zama ɗaya kada ya wuce minti 40 zuwa awa ɗaya. Gara zama biyar gajeru da ɗaya na yini. A tashi in an kira salla, a bar watan azumi. Ki yi magana a hankali da murya mai kauri, fuskarki na kallonta. Tsufa siririn sauti yake fara ɗauke wa kunne, don haka ihu ba ya ƙara komai sai ɓacin rai.

Kada ki fara da "shekararki nawa?" Ba ta sani ba, kuma kin fara da abin da zai sa ta ji ta gaza. Ki fara da abu na hannu. Ki ce ta nuna miki kwallarta ta jere, ko adudu, ko mazari, ko kwabo mai huji da ta ƙulle a tsumma. "Iya, wannan tasar wa ya saya miki?" Daga tasa za ku faɗa gara, daga gara ku faɗa ranar da aka kai ta ɗaki, ba tare da kin ja ta ba. Tambaya mai kyau ita ce mai neman rana ɗaya da wuri ɗaya. "Yaya aure yake a da?" wa'azi za ta jawo miki a kan lalacewar 'yan matan yanzu. "Ranar da aka kai ki, wa ya riƙe miki hannu?" labari za ta jawo. In ta ce, "Ke 'yar nan, me za ki yi da wannan tsohon zance?" ki ce, "Gwaggo, mu ba mu gani ba, a bakinku za mu ji." Yawanci daga nan ta ɓalle.

Shekaru kuwa da abin da ya faru ake gano su. Ki je da jerin ranaku a littafinki. A Kano, Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, Sanusi ya sauka a 1963, shekarar da Ado Bayero ya hau. A Katsina, Dikko ya rasu a 1944, Usman Nagogo a 1981. An kashe Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, Murtala 1976. A Nijar, Kountché ya kifar da Diori a 1974, ga yunwar 1984. Sai ki tambaya: "Da aka kashe Sardauna, wa kike goyo?" Ki lura ban ce "'ya'yanki nawa" ba, tsofaffi da yawa ba sa son ƙirga 'ya'ya. In ta ce wane sarki ne a kan gado lokacin aurenta na fari, ki tuna a wancan zamani budurwa ba ta cika wuce 14 ko 15 a gida ba, kin fara kusantar shekarar haihuwarta. Kowace tsohuwar ƙauye shekararta 120 a bakin jikoki. Kada ki rubuta haka a fim sai lissafi ya yarda. "Ta haura 90" ya wadatar.

Ki san kunya. Ba za ta faɗi sunan mijinta na fari ba, ko ɗan farinta, ko surukinta. Za ta ce "malam," "mai gidan," "wannan yaron." Kada ki matsa mata, ki karɓi sunayen a wurin wani bayan an kashe kyamara. Kewaye-kewayen da take yi wa sunan ma ki bar shi a fim ɗin, domin yana cikin abin da ke ɓacewa.

Ga wani abu mai wuya ga Bahaushe. Mun saba raka mai magana da "na'am," "ƙwarai," "ikon Allah." A fim waɗannan suna hawa kan muryarta, ba sa ciruwa. Amma in kika yi gum za ta ɗauka ba kya ji, ko raini ne. Mafita ita ce ki gaya mata tun farko cewa na'urar ba ta son baki biyu, ki riƙa gyaɗa kai, ki ajiye "na'am" ɗinki sai ta kai aya. In ta yi shiru kuma kada ki yi saurin cike wurin. Ki ƙirga biyar a zuci. Maganar da ta fi nauyi bayan irin wannan shirun take fitowa.

Za a samu mai amsa mata tambaya, ɗa ko suruka mai cewa "a'a Iya, ba haka aka yi ba." Ki ba shi nasa zaman daban, ki girmama shi, sannan ki nemi a bar ku. Wadda za ki so ta shigo ita ce ƙawarta ta ƙuruciya, ko kishiyar da suka tsufa tare. Zama ɗaya da su biyu yakan fi uku da ita kaɗai, don suna tuna wa juna, suna musu.

Waƙa ba ta zuwa a zaune. In kika ce ta rera waƙar niƙa za ta ce ta manta. A kawo dutsen niƙa da ɗan tsaba, ko a kifa ƙwarya a ruwa, ko a miƙa mata jariri, sai ki ji waƙar ta taso da kanta. Haka waƙar daɓe da ta gaɗa.

Akwai ƙofofin da ita za ta buɗe, ba ke ba: 'ya'yan da ƙyanda ko agana ta kwashe, auren dole, yaji da zawarci, bori, asalin bauta a dangi. In ta shiga, ki bi ta a hankali. In ta yi kuka kada ki matso da kyamara fuskarta. Ki bari ta nutsu, ki ba ta ruwa, washegari ki tambaye ta ko a bar wurin ko a cire.

Mataki na 7: Ɗauki yininta

Hira kaɗai ba fim ba ce. Ki ware kwana biyu kina bin ta kawai: tana ɓare gyaɗa, tana saƙar faifai, tana rabon goro, tana faɗa da akuya. Kowane abu ki ɗauke shi daga nesa, daga kusa, sannan hannuwanta kaɗai, kuma kowace ɗauka ki riƙe ta aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi. Ki ɗauki gidan, hanyar rijiya, kasuwar da ta yi ciniki.

Kada ki shirya ƙarya. In ta bar kaɗi shekara 30 da suka wuce kika roƙe ta ta gwada, a ji a fim ɗin cewa gwadawa take yi. In ta ce sai ta sa kwalli da sabon zani kafin a ɗauka, ki jira ta, haka take so a gan ta. Kai ba ɗankwali, wanka, jinya, ba ta abinci a baki, duk ba na kyamara ba ne. Matan gidan da ba su ba da izini ba kuma kada su faɗo a bayan hoto.

Mataki na 8: Ajiya da rubutawa

Daren ranar ki kwafe komai wuri uku: kwamfuta, rumbun ajiya na hannu, da wani rumbun da zai kwana a wani gida daban. Kowane fayil ya ɗauki kwanan wata da lambar zama. Sannan ki rubuta hirar kalma-kalma, da alamar minti a gefe. Awa ɗaya ta magana tana iya cin yini, amma babu hanyar gudu. Ki rubuta yadda ta faɗa. In Basakkwata ce ko Bagobira ko 'yar Damagaram, kada ki mayar da ita Bakanuwa. Kalmar da ba ki gane ba ki koma ki tambaye ta tun tana nan.

Mataki na 9: Haɗawa

A takarda ake fara haɗa fim. Ki ja layi a ƙarƙashin wuraren da suka taɓa jimlarki ta mataki na 1, ki jera su, sannan ki buɗe kwamfuta. Manhajar haɗa fim ta DaVinci Resolve tana da ta kyauta, CapCut ma zai yi in a waya kike. Minti 15 zuwa 25 ya ishi fim na farko. Ba dole ki fara da haihuwarta ba, ki fara da inda ta fi rai. Muryar mai sharhi ta zama kaɗan ko babu. Inda kika yanke magana ki rufe da hoton hannuwanta ko na gidan, amma kada ki ɗinka rabin wannan jimla da rabin waccan ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Ki bar wasu shirun nata da tsawonsu.

Ki sa rubutu a ƙasan allo, ko da Hausa ne, layi biyu gajeru, saboda masu kallo a waya cikin hayaniya. Tsofaffin hotuna za ki iya nema a Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, da izininsu. Kiɗa kuwa, waƙarta da lugudan gidan sun fi duk abin da za ki ɗauko a intanet, ga kuma rigimar haƙƙin mallaka. A shekarun 1950 Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch ya koma Ayorou a Nijar ya nuna wa masunta fim ɗin farautar dorinarsu, suka ce kiɗan da ya sa bai dace ba, ai dorina za ta ji ta gudu. Ya karɓi gyaran.

Ki sake kallo da idon maƙiyi. Ta ambaci wani mai rai da mugun abu? Ta taɓo rigimar gona ko gado? Ta faɗi asalin wani gida? Sannan babbar: akwai abin da jahili zai kama ya ce mayya ce, kamar maganar magani ko iskoki? A garuruwanmu tsohuwa ake fara jifa da wannan ƙazafi, kuma ke za ki koma birni, ita tana nan. In kina shakka, cire.

Mataki na 10: Ita za ta fara gani

Kafin kowa, ki kai mata a ɗakinta, da lasifika mai ƙarfi, da waɗanda ta zaɓa. Ki kalli fuskarta, ba allon ba. Abin da ta ce a cire a cire. Bayan nan ne za ki fitar. In sinima ko kasuwa za ki kai a Kano, sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, ga kuma ta ƙasa. Akwai bikin iREP na fina-finan gaskiya a Legas, da Zuma a Abuja, da FESPACO a Wagadugu. In YouTube ko Facebook ne, ki tsare wurin sharhi kina goge rashin kunya. Ki yi hattara da yanka gutsattsari don TikTok, nan ne ake mayar da tsohuwa abin dariya.

Iyalinta ki ba su fim ɗin da dukan hirar da ba a yanke ba a memori biyu, ɗaya wurin ɗa, ɗaya wurin 'ya. Ki nemi jami'a ko cibiya irin CELHTO ta Yamai, mai tattara tarihin baka, ko za su ajiye kwafi, tare da takarda mai sunanta, garinta, ranakun ɗauka da sharuɗɗan da ta gindaya. In Allah ya karɓi abarsa kafin ki gama, ki je gaisuwa ba kyamara, ki bari a share makoki, sannan ki nuna wa magada abin da kika haɗa tare da bidiyon da ta ba da izini da bakinta, ku yanke shawarar fitarwa tare.